Uwargidan Jun: Hester Stanhope da Sarautar da Ba Ta da Ƙasa

A shekarar 1838 wata dattijuwa 'yar Ingila da ke zaune a kan wani tudu a ƙasar Labanan ta kira magina, ta sa suka toshe babbar ƙofar gidanta da duwatsu. Wata 'yar kafa kawai aka bari don shigar da ruwa da abinci. A watan Yunin shekarar da ta biyo baya ta mutu a cikin gidan tana da shekara 63, ba ɗan'uwa ko ɗaya a kusa da ita, ga bashi ya yi mata katutu.

Shekara 35 kafin nan, wannan matar ce ke zama a kan teburin Firaministan Birtaniya, ministoci da janar-janar na neman shiri da ita. Sunanta Hester Stanhope. Turawa sun saba ba da labarinta a matsayin na wata basarakiya da ta taɓu, mai rawani da lofe da garken kyanwoyi. Duk waɗannan sun faru. Amma idan muka tsaya a nan za mu rasa abin da ya fi muhimmanci a rayuwarta, wato yadda mace mai kaifin basira da son mulki ta nemi sarauta a zamanin da ƙasarta ba ta da kujerar da za ta ba ta, da kuma abin da wannan nema ya jawo mata da sauran mutane.

Gidan da ta fito

An haife ta ranar 12 ga Maris, 1776, a Chevening da ke yankin Kent a kudancin Ingila. Kakanta na wajen uwa shi ne William Pitt Babba, wanda ya riƙe ragamar gwamnatin Birtaniya. Kawunta kuma, William Pitt Ƙarami, ya zama Firaminista a 1783 yana da shekara 24 kacal. Mahaifiyarta ta rasu Hester tana da shekara huɗu.

Mahaifinta, Charles Stanhope, basarake ne mai bauɗaɗɗen hali. Ya ƙera injin buga littattafai na ƙarfe wanda ake kira da sunansa, ya kuma ƙera na'urorin lissafi da masu tarihin kwamfuta ke ambata har yau. Da juyin juya halin Faransa ya ɓarke a 1789, sai ya goyi bayansa, ya sa aka cire tambarin sarautar gidansu daga ƙofa, ya ce duk mutane ɗaya ne. Sai dai a cikin gida mulkinsa ya fi na sarakunan da yake zagi tsanani. Hester ta bar gidan a 1800 ta koma wajen kakarta, daga baya kuma ta shirya wa ƙanenta, magajin gidan, hanyar guduwa zuwa Jamus.

A 1803 kawunta Pitt, wanda bai taɓa aure ba, ya ɗauke ta ta riƙe masa gida. Da ya koma kujerar Firaminista a 1804, ita ce uwargidan fadar gwamnati. Tana karɓar baƙi, tana jin sirrin yaƙin da ake yi da Napoleon, tana ba'a ga manyan mutane a gabansu ba wanda ya isa ya tanka. Ta ɗanɗani mulki a kusa, ta kuma gane tana da ƙwaƙwalwar yin sa.

Pitt ya mutu a watan Janairun 1806. Gwamnati ta yanka wa Hester fansho na fam 1,200 a shekara, kuɗin da zai ishi mutum zaman rufin asiri, amma ba zai riƙe irin gidan da ta saba ba. Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne ba ta da inda za ta kai basirarta. Mace a Ingilar wancan lokaci ba ta zaɓe, ba ta shiga majalisa, ba ta riƙe muƙami. Duk girman da Hester ta samu aro ne daga kawunta, kuma da aka binne shi mai kaya ya karɓe kayansa. A Janairun 1809 ƙanenta Charles da Janar John Moore, wanda suka shaƙu ƙwarai, suka mutu a yaƙi guda a Corunna ta ƙasar Sifen. A Fabrairun 1810 ta hau jirgin ruwa ta bar Ingila tare da wani matashin likita mai suna Charles Meryon. Ba ta sake taka ƙasar ba.

Tufafin da teku ta cinye

A kan hanya ta haɗu da wani saurayi ɗan masu kuɗi, Michael Bruce, wanda ta girme shi da fiye da shekara goma. Suka ci gaba da tafiya tare a fili ba aure, abin da ya ƙara rufe mata ƙofar komawa cikin manyan Landan. Sun bi ta Girka da Santambul. A ƙarshen 1811, suna kan hanyar Masar, jirginsu ya nutse kusa da tsibirin Rodos. Sun tsira da rai, amma kayansu duka sun tafi. Da aka rasa tufafin matan Turai a tsibirin, Hester ta sa kayan mazan Turkawa: rawani da wando da babbar riga. Larura ce ta sa ta fara, amma har ta mutu ba ta koma wa siket ba.

Cikin wannan shiga ta je gaban Muhammadu Ali Basha a Alƙahira a 1812, ya karɓe ta da girmamawa. A shekarar ta shiga Dimashƙu a kan doki da rana tsaka, fuskarta a buɗe, bayan an gargaɗe ta cewa birnin ba ya ɗaukar irin wannan daga mace, balle Kirista. Ba wanda ya taɓa ta.

Ana yawan danganta wannan da jarumtarta, kuma lallai tana da ƙarfin zuciya. Amma akwai wani dalili. Birtaniya ce ta taimaki Daular Usmaniyya ta Turkiyya wajen tare Napoleon a Akka a 1799 da fitar da Faransawa daga Masar a 1801. Duk wani gwamna a yankin Sham ya san darajar sunan Pitt. Sunan da ya daina aiki a Landan, a nan yana buɗe ƙofofi. Hester ta gane haka da wuri, ta kuma gane cewa a wannan ƙasa ana auna babban mutum da yawan dawakinsa da barorinsa da kyautar da yake yi. Sai ta shiga kyauta.

A 1813 ta ratsa hamada zuwa kufan Tadmur, birnin sarauniya Zanubiya wadda ta yi wa Rumawa tawaye a ƙarni na uku. Larabawan ƙabilar Anaza ne suka yi mata rakiya bayan ta biya su. Mutanen garin suka tare ta da kiɗa da rawa a tsakanin tsofaffin ginshiƙai, aka ɗora mata kambin furanni a kai. Ana lissafa ta a matsayin Baturiya ta farko da ta isa wurin. Ga mutanen Tadmur wannan tarbar baƙuwa ce mai hannun kyauta. Ga Hester kuwa naɗin sarauta ne, kuma ta riƙe shi haka har ƙarshen rayuwarta.

Gunkin Askalan da jinin tsaunuka

Abubuwa biyu da ta yi bayan tafiyar Tadmur sun nuna mana irin mulkin da take so.

Na farko a Askalan ne, a gaɓar tekun Falasɗinu. Ta sami wata tsohuwar takarda da ke cewa an binne dukiyar zinariya mai yawa a kufan garin. Ta nemi izinin Sarkin Santambul, ta yi alkawarin duk abin da aka samu nasa ne, aka fara haƙa a 1815. Ba a sami zinariya ba. An dai tono wani ƙaton gunkin dutse marar kai na zamanin Rumawa. Hester ta sa aka farfasa shi aka zuba a teku. Likitanta ya yi baƙin ciki, amma ita tana da hujjarta. A shekarun nan ne Lord Elgin ya kwashe sassaƙe-sassaƙen birnin Atina ya kai Landan, rigimar da har yau Girka da Birtaniya ba su gama ba. Hester ba ta so a ce 'yar gidan Pitt ta zo da sunan yi wa Sarki hidima ta ɓuge da sata. Ta zaɓi ta lalata kayan tarihi a kan a taɓa mata suna. Wasu masana na kallon wannan haƙa a matsayin na farko irinsa a Falasɗinu. Gwamnatin Birtaniya ta ƙi biyan kuɗin da ta kashe, kuma daga nan bashinta ya soma.

Na biyu ya fi muni. Wani jami'in sojan Faransa, Vincent Boutin, wanda ta saba da shi, an kashe shi a tsaunukan Nusairiyya a 1815. Wannan Boutin shi ne ɗan leƙen asirin da ya auna gaɓar tekun Aljeriya a 1808, kuma da taswirarsa Faransa ta yi amfani lokacin da ta mamaye ƙasar a 1830. Hester ta ɗauki kisan a matsayin raini gare ta. Ta matsa wa gwamnan Akka lamba har aka tura runduna a 1816. Aka ƙona ƙauyuka da dama, aka kashe mutane ɗaruruwa saboda ran mutum guda. Masu ba da labarinta da sha'awa sukan wuce wannan da sauri. Bai kamata mu wuce ba. Matar da aka hana mulki a ƙasarta, da ta sami dama a ƙasar wasu, ta yi amfani da shi kamar yadda azzaluman maza suke yi.

Gidan kan tudu

Bruce ya bar ta ya kama hanyar Ingila tun 1813. Hester ta yi jinyar annoba da ta kusa kashe ta, ta zauna a wani tsohon gidan 'yan zuhudun Kirista kusa da Saida, daga bisani ta tare a Jun, a kan wani tudu da ke kallon ƙauyen. Ta gina ɗakuna fiye da 30, ta kewaye su da katanga, ta dasa lambu a tsakiya. Mutanen yankin suna ce mata Sitt, wato Uwargida, har yau kuma da wannan suna ake kiran kangon gidan.

A nan rayuwarta ta juye. Takan yi barci da rana ta farka da dare. Ta aske kanta, tana naɗa rawani, lofe ba ya barin bakinta. Kyanwoyi sun cika ɗakuna. Baƙon da ta yarda ta gani, takan zaunar da shi ta yi ta magana har asuba, a kan siyasar Turai da taurari da asalin ƙabilu. Mawaƙin Faransa Lamartine ya ziyarce ta a 1832, marubucin Ingila Kinglake a 1835, kowannensu ya koma gida ya rubuta abin da ya gani. Wasu da yawa sun hau tudun an mayar da su daga ƙofa, musamman 'yan ƙasarta.

Tun tana Ingila wani mai da'awar annabci, Richard Brothers, wanda aka tsare a gidan mahaukata, ya ce mata za ta je Ƙudus ta zama sarauniya. A lokacin dariya ta yi. A Jun kuwa ta riƙe maganar da gaske, ta haɗa ta da abin da take ji a bakin mutanen yankin game da zuwan Mahadi. Ta ajiye goɗiyoyi biyu, Laila da Lulu, ba mai hawansu. An haifi Laila da lotsattsen baya kamar sirdi, sai Hester ta ce wannan ta Mahadi ce, ɗayar kuma ita za ta hau su shiga Ƙudus tare.

Mutuwa kuma ta yi ta rage mata mutane. Ƙanenta James ya kashe kansa a Ingila a 1825. Elizabeth Williams, wadda ta yi mata hidima shekara da shekaru, ta rasu a Jun a 1828. Daga nan sai barori, cikinsu har da bayi baƙar fata. Tana zaginsu tana dukansu, su kuma suna sace mata kaya. Fita ma ta daina.

Mafakar da sarakuna suka kasa shiga

Duk da haka, a waɗannan shekarun na kulle kai ne ta yi aikin da ya fi komai daraja a rayuwarta.

Sarkin tsaunukan Labanan a lokacin shi ne Amir Bashir na Biyu, mutumin da ya ƙwaƙule idanun 'yan'uwansa na gidan sarauta don kada su yi masa takara. Da farko suna shiri da Hester. Bayan ya murƙushe babban abokin hamayyarsa na Duruzawa a 1825, waɗanda suka tsere suka nufi Jun, ta buɗe musu ƙofa. Amir ya hana talakawansa yi mata aiki. Ba ta miƙa kowa ba.

A 1831 Ibrahim Basha, ɗan Muhammadu Ali na Masar, ya shigo Sham da runduna. Akka ta faɗi a watan Mayun 1832 bayan an tsare ta wata shida. Sai gudun hijira ya ƙaru, daga baya kuma aka fara kama samari ana sa su soja dole. Gidan Hester ya cika da zawarawa da marayu da sojojin da aka ci da yaƙi, Musulmi da Kirista da Duruzawa. Mahukuntan Masar sun nemi ta fito da su, ta ƙi. Rundunar da ta karya ganuwar Akka ba ta shiga gidan tsohuwa guda ba, domin Muhammadu Ali ba ya son abin da zai haɗa shi faɗa da Birtaniya. Hester ta san haka, ta kuma yi amfani da shi wajen tsare rayukan da ba su da kowa.

A nan ne lissafin ya ƙi fita. Sarki na gaske yana kyauta ne daga harajin da yake karɓa. Hester tana da fada da barori da masu neman mafaka, amma ba ta da gona, ba ta da kasuwa, ba ta da talakawa masu biyan haraji. Fam 1,200 ne kawai, sai abin da ta ciwo wajen masu ba da bashi da ruwa a Saida da Bairut. Kowane bakin da ta ciyar ƙari ne a kan bashin. Ta kasa rage hidima, domin ranar da ta daina kyauta, ranar ta daina zama Uwargida.

Wasiƙa zuwa ga Sarauniya

Ɗaya daga cikin masu binta bashi ya kai ƙara, maganar ta bi ta hannun jakadan Birtaniya a Masar har ta isa Landan. A 1838 Ministan Harkokin Waje, Lord Palmerston, ya amince a riƙe fanshonta a biya bashin da shi. A wajen ma'aikatan ofis wannan ƙaramar magana ce ta kuɗi. A wajen Hester kuwa an taɓa abu na ƙarshe da ya rage tsakaninta da kawunta.

Ta rubuta wa Sarauniya Biktoriya, wadda ba ta cika shekara guda a kan gado ba, cewa ta yafe fanshon, ta kuma yafe zama 'yar ƙasar Ingila. Ta sa aka buga wasiƙunta a jaridu, tana zaton jama'a za su tashi saboda 'yar gidan Pitt. Ba wanda ya tashi. Pitt ya shekara 32 a kabari, waɗanda suka san shi sun tsufa ko sun mutu. Sai ta sallami likita Meryon, ta sa aka toshe ƙofa.

Hausawa na cewa girman kai rawanin tsiya. Da wuya a sami wadda karin maganar ya dace da ita kamar wannan mata mai rawani. Tana da dangi masu arziki a Ingila, da ta sunkuyar da kai ta koma da ba ta mutu a haka ba. Amma mu lura da abin da ya rage mata a 1838. Ba ta iya ba da umarni a kai yaƙi, ba ta iya kyauta, ba ta iya ciyar da baƙi. Iko guda ne ya saura a hannunta, na hana kowa shigowa ya ga yadda ta koma. Shi ta yi amfani da shi.

Ta mutu ranar 23 ga Yuni, 1839. Ƙaramin jakadan Birtaniya a Bairut, Niven Moore, da wani ɗan mishan Ba'amurke, William Thomson, suka hau dawaki suka iso da dare. Suka binne ta a cikin lambunta da hasken fitilu. Barori sun riga sun kwashi abin da za su iya ɗauka, sauran ɗakunan kuma tarkace ne a ciki.

Abin da ya rage

Shekara guda bayan mutuwarta, a 1840, jiragen yaƙin Birtaniya suka yi ruwan wuta a kan Bairut da Akka. Aka kori Ibrahim Basha daga Sham, aka kai Amir Bashir gudun hijira tsibirin Malta. Wanda ya tsara wannan siyasa shi ne Palmerston, mutumin da ya riƙe mata fansho. Mutanen biyu da ta shekara tana ja da su ita kaɗai daga kan tudu, ƙasarta ta kawar da su cikin 'yan watanni, ba ta nan balle ta gani.

Yawancin abin da duniya ta sani game da zamanta a Jun ya fito ne daga littattafai shida da likita Meryon ya wallafa a 1845 da 1846, sai kuma rubutun baƙin da suka kwana ɗaya ko biyu a gidanta. Su ne suka bar mana hoton kyanwoyi da goɗiyoyin Mahadi, domin irin wannan ne ke sayar da littafi a Landan da Faris. Mutanen ƙauyukan Nusairiyya da aka ƙona ba su rubuta nasu ba. Zawarawan Akka da suka ci abincinta su ma haka. Da waɗannan ɓangarori biyu ne suka ba da labarin, da ba za a tsaya kan haukarta ba. Ɗaya zai kira ta azzaluma, ɗaya zai kira ta uwa, kuma kowannensu yana da gaskiya.

Mu ma mun san irin waɗannan gidaje: babban gida da ya fara zubewa, da tsohuwa 'yar asali a ciki wadda ba ta fita, ba ta karɓar baƙi. Mukan ce ta taɓu, ko mu ce aljanu ne, mu wuce. Tarihin Hester Stanhope yana nuna mana cewa kafin ta sa magina su toshe ƙofar Jun, an riga an rufe mata wasu ƙofofin, tun daga ranar da aka binne kawunta a 1806. Wannan bai wanke ta daga jinin da ta sa aka zubar ba, bai kuma rage ladan waɗanda ta ɓoye ba. Yana dai sa mu tambayi yadda mutum ya kai ga rufe ƙofarsa, kafin mu yanke masa hukunci daga waje.